Shekarar da Na Yanke Gaisuwar Zulai

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙonSa Ya tsare alƙalamina daga ƙarin gishiri, domin shi ne ciwona tun ina saurayi. Ku 'ya'yana kun sha jin ina cewa ni na koya wa yaran Makarfi aikin jarida da waya. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin labarin nake ba ku, rabin da yake fito da ni tas. Lokacin da abin ya faru duk kun watse, wasu suna Kano, wasu Kaduna. A cikin iyali Innarku Hajara ce kaɗai ta ga komai da idonta, ita kuwa ba ta taɓa tona ni ba. Yau zan faɗi ɗaya rabin da kaina, tun ina da ƙarfin faɗa.

Kun san karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na ɗan leƙa gaba, sai mahaifina ya rasu na dawo gona. Abin da Allah Ya ba ni shi ne baki da kunne. Shekaru masu yawa ni nake aika wa wani gidan rediyo labarin kasuwannin yankinmu, rake a Makarfi, tumatir a Ikara, masara da dawa a ƙauyukan Kudan. Da farko a takarda nake rubutawa in ba direba, daga baya na sami 'yar rikoda mai kaset. Ranar da aka ce “wakilinmu Sabo” a rediyo, in na fito ƙofar gida har tafiyata takan canja. Kuma in mota goma ta ɗauki rake, a bakina sai ta zama ashirin, don labari ya yi armashi. Da wayoyin hannu suka cika gari, kowa ya zama mai aika labari, sai gidan rediyon ya daina nemana. Ba wanda ya kore ni, shiru kawai aka yi. Na koma zaman zaure, ina faɗa da kaji, ina ganin laifin miyar Innarku.

A wannan hali Malama Rabi ta same ni. Malama ce a wata makarantar sakandare a nan garin, 'yar siririya mai saurin magana. Bayan mun gama gaisawa ta buɗe jaka ta jera wayoyi uku a kan tabarma.

“Malam Sabo, tsofaffin ɗalibanmu ne suka saya mana, don yara su koyi ɗauko labari. Wayar dai sun fi ni saninta. Abin da ba su sani ba shi ne me za su tambaya, wa kuma za su tambaya. Aka ce in zo wurinka.”

“Ai waya ba wani abu ba ce,” na ce, alhali tawa 'yar ƙarama ce mai madannai, ban taɓa riƙe ta shafawa ba.

Daga bayan labule Innarku ta ce, “Malama, ki sa yaran su fara nuna masa inda ake kunnawa.”

Haka muka fara, kowace Asabar da hantsi a zaurena. Yara tara ne, maza biyar mata huɗu, duk 'yan shekara sha biyar zuwa sha bakwai. Biyu zan ambata muku. Akwai Nura ɗan Saulawa, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai kuma Zulai 'yar Malam Haruna na Likoro, wadda take zaune wurin gwaggonta a nan Makarfi saboda makaranta. Ita ba ta da surutu, amma in ta yi tambaya sai ka gyara zama. Aikin farko da na ba su shi ne su shiga kasuwa su yi hira da dattawan sana'a. Da suka dawo muka kunna abin da suka ɗauko, sai ga ƙafafu. Ƙafafu kawai, daga farko har ƙarshe. Yaran kirki ne, kowa ya je ya durƙusa ya sunkuyar da kai kamar yadda aka koya masa a gida, wayar kuwa tana hannunsa tana kallon abin da yake kallo. Muka sami hirar minti shida da takalmin wani mahauci, da wata da faratan mai sayar da barkono. Na yi dariya har hawaye, rabona da irinta tun ana kiran sunana a rediyo.

“Malam,” in ji Nura, “takalmin nan ma bai amsa tambaya ta biyu ba. Ina jin yana ɓoye wani abu.”

Sai na yi musu doka. Ka je ka durƙusa ka yi gaisuwarka cikakkiya, ka tambayi gida da gajiya da gona. In ka gama sai ka ce, Baba, a ba ni izini in miƙe saboda waya. In ya ba ka, ka miƙe ka saita ta daidai fuskarsa, kada ka fuskanci rana. Na koya musu su tambayi mutum sunansa su maimaita a gabansa, su san wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe, don me. Na koya musu kada su ɗauki maganar mutum ɗaya su ce sun gama. Ina faɗin wannan ina jin kunya a raina, don ni a zamanina ba kullum na yi hakan ba. Su kuma suka koya mini nasu. Suka nuna mini yadda ake tura abu cikin guruf, wato zauren waya da mutanen yankinmu na gida da na nesa suke haɗuwa. Zulai ce ta fi haƙuri da ni. Ita ta nuna mini wani ɗan hoton almakashi a cikin wayar, wanda in ka taɓa shi za ka iya datse bidiyo daga gaba ko daga baya.

“Malam, a hankali ake shafawa,” takan ce. “Ba ƙofar rumbu ba ce.”

Watannin nan suna cikin mafi daɗin kwanakin rayuwata. Rahotonmu na farko da ya fita a kan matan da suke yin daddawa ne. Kwana biyu bayan haka wani mutum ya bugo daga Legas yana kuka, wai shekara uku bai ga mahaifiyarsa ba sai ga ta tana dariya a wayarsa. Innarku ta shiga dama wa yaran kunu kowace Asabar, 'yan matan suna tsefe mata kai suna ba ta labarin gari. Gidan da ya yi tsit bayan tafiyarku ya sake cika da takalma a bakin ƙofa. A teburin mai shayi aka koma matsa mini wuri. Kaina kuwa, sai ya fara komawa girmansa na da.

Da lokacin rake ya kama, Zulai ta ce za ta je gida Likoro ta yi hira da Baba Ɗanjuma, tsohon da ya fi kowa iya mazarƙwaila a can, abokin marigayi kakanta. Ta tafi ran Juma'a, ta dawo Asabar, muka zauna muka kalla. Ta yi sallama tun daga nesa, ta durƙusa har ƙasa. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, yaya jikin Iya, yaya aikin rake. Shi ma ya tambayi gwaggonta da karatu da mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya. Minti huɗu cur suna gaisawa. Sannan ta nemi izini, ya ce, “Miƙe mana, 'yar jarida, tambayi abin da kike so.” Ta miƙe, shi yana zaune a kan turmi, ta ce, “Baba, mutane suna cewa mazarƙwailar bana ta ƙanƙance. Me ya jawo?” Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi bayani mai kyau a kan ruwan da ya ɗauke da wuri da raken da bai yi ruwa ba. Hira ce da ko a rediyo ba a fi ta ba.

Wayoyin a gidana suke kwana saboda caji. Ran Lahadi bayan azahar na ɗauki ta Zulai. So nake in nuna wa yaran cewa tsoho ma ya iya, ba sai an riƙe masa hannu ba. A gidan rediyo duk kaset ɗin da na aika sai sun cire gaisuwa, don haka na ɗauka wannan shi ne gwaninta. Ban tsaya na yi tunanin cewa a rediyo ba a ganin wanda yake tsaye da wanda yake zaune ba. Na taɓa almakashi, na datse minti huɗun nan har da neman izinin, na tura cikin guruf. Sai wayar ta nuna ta cika, na goge dogon, na bar gajeren. Na shiga cikin gida ina taƙama, na ce wa Innarku yau na yi aikin da yaran ma sai sun yi mamaki.

Abin da mutanen Likoro suka gani shi ne yarinya tsaye ƙiƙam a kan tsoho sa'an kakanta, ba sallama, ba durƙuso, ta buɗe baki da cewa kayansa sun ƙanƙance. Kafin Talata saƙonnin murya sun cika guruf. 'Yar wace ce wannan? Haka ake koya musu a Makarfi? Wata ta ce kamar mai karɓar haraji. Baba Ɗanjuma ya gaya wa duk wanda ya zo wurinsa cewa yarinyar ta gaishe shi har sai da ya gaji, amma aka ce dattijo ne, rufa mata asiri yake yi. Mutane sun gani da idonsu, wa zai gaya musu wani abu dabam? Ran Laraba Zulai ta zo zaurena ta durƙusa.

“Malam, dogon nake so in nuna wa Babana.”

Na yi tari na ce, “Wayar ce ta cinye shi. Kin san halin kayan nan.”

Ita ta koya mini almakashin, ta san abin da ya faru sarai. Amma yarinyar da aka rena da kyau ba ta ce wa babba ya yi ƙarya. Ta dubi tabarma ta ce, “To, Malam.” Washegari mahaifinta ya zo ya kwashe kayanta daga gidan gwaggonta. Ya ce in wannan ne karatun, ta zauna a gida, ba waya ba makaranta. A safiyar Juma'a a teburin mai shayi wani ya tambaye ni yadda aka yi ɗalibata ta yi haka. Ku ji abin da ubanku ya ce. Na kurɓi shayi na ce, “Yaran yanzu sai addu'a.” Datsewar kuskure ce, na jahilci da rawar kai. Wannan maganar kuwa da sanina na yi ta.

Asabar ta zo, yara takwas suka zauna, ba wanda ya taɓa kunu. Ina cikin bayani Nura ya ɗaga hannu, ba alamar wasa a fuskarsa, ya ce na koya musu a ji kowane ɓangare, to ɓangaren Zulai wa ya ji? Na ce lokaci ya ƙure, na sallame su. Da na shiga ciki na tarar da Innarku tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Malam, tarin nan naka na san shi tun ina amarya. Ba na mura ba ne.”

“Hajara, ki bar maganar da ba ki sani ba.”

“Ba kai ka shigo nan ran Lahadi kana cewa ka yi aikin mamaki ba? To an yi mamakin.” Ta ajiye rariya. “In da 'yarka Maryam ce aka yi wa haka, wani tsoho yana can yana shan shayi, me za ka ce da shi?”

Maryam, da sunanki ta kayar da ni. Ban iya cin tuwon ranar ba. Washegari da sassafe na sa wayar a aljihu na hau mota zuwa Likoro.

Na sami Malam Haruna a ƙofar gidansa yana ɓare masara. Mutum ne mai sanyi, wanda in ya yanke magana ba ya sake ta. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina ta ƙara tambayar mutanen da ban ma sani ba don kada ta ƙare. Da ta ƙare na faɗa masa komai, har maganar teburin shayi. Ya ci gaba da ɓare masararsa har ya gama wadda ke hannunsa.

“Na ji, Malam Sabo, kuma na gode da ka tako. Amma ba ni kaɗai na gani ba. Ƙanwata da ke aure a Jos ta gani, surukaina sun gani. Ka zo nan ka gaya mini a kunne, su wa zai gaya musu? A waya ka ɓata ta, a waya za ka wanke ta.”

Na ce na yarda. Ya aika aka kira Zulai. Kafin ta fito labari ya kai wa Baba Ɗanjuma, sai ga shi da sandarsa, wai ba za a yi wannan kallo babu shi ba. Mata suka leƙo ta kan danga. Aka ba ni turmi na zauna, na miƙa wa Zulai wayar. Ta kunna, ta ja da baya ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ni, ni da na ci amanarta, ta tambayi Inna da yara da hanya, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta nemi izini, na ba ta. Ta miƙe ta saita wayar daidai fuskata. Sai a lokacin na san yadda ɗan idon nan na waya yake da nauyi in kai yake kallo. Ta tambayi sunana ta maimaita. Ta tambayi abin da ya faru ran Lahadi, na faɗa. Na ɗauka an gama, har na fara gyara hula.

“Saura ɗaya, Malam. Da aka yi ta zagina, kai ka san gaskiya. Me ya sa ka yi shiru?”

Tari ya taso mini, na haɗiye shi.

“Tsoro na ji a ce tsoho bai iya ba,” na ce. “Na gwammace a zage ki da a yi mini dariya. Ki yafe mini, Zulai.”

Ta ce, “Na yafe, Malam. Mun gode da ka ba mu lokacinka,” kamar yadda na koya musu rufe hira, sannan ta kashe. Baba Ɗanjuma ya buga sanda a ƙasa ya ce, “Kai, Sabo, ni tambayar da ta yi mini ashe mai sauƙi ce!” Matan bayan danga suka fashe da dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. Zulai da kanta ta tura bidiyon cikin guruf, ba a cire ko numfashi ba. Malam Haruna dai bai ce komai ba game da komawarta. Ya raka ni bakin hanya, ya yi mini Allah Ya kiyaye, na dawo ban san matsayinta ba.

Dariyar da na guda kuwa na sha ta har na ƙoshi. A makon nan aka raɗa mini Sabo Almakashi. In na doso teburin shayi sai wani ya ce a ɓoye gaisuwa, ga mai yankewa nan. Malama Rabi ta zo cikin ladabi ta ce wayoyin za su riƙa kwana a makaranta, kuma ba abin da zai sake fita sai wanda ya ɗauko shi ya gani ya yarda. Na ce daidai ne. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ga abin mamaki: tun ranar da na dawo daga Likoro nake cin tuwona da daɗi, kuma Innarku ta ce har munsharina ya canja.

Asabar da hantsi yara takwas suka zo, Malama Rabi ta kawo wayoyi. Ina ta jan gaisuwa da su, kunnena yana waje. Mun fara ke nan sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Nura ya leƙa ya yi ihu. Malam Haruna ne, Zulai a bayansa da jakar kayanta a cinya, ga ƙullin mazarƙwaila daga Baba Ɗanjuma wai a ba 'yan jarida su auna da kansu ko ta ƙanƙance. 'Yan matan suka rungume ta, Innarku ta fito ba ko takalmi tana guɗa. Na zaci zai sauke ta ya juya, sai na ga ya kafe babur ya cire takalmi ya shigo zaure, ya nemi wuri a can baya kusa da yara ya zauna.

“Ga ta nan na dawo da ita, Litinin za ta koma aji,” ya ce. “Amma ni ma ina da buƙata. A nuna mini almakashin nan. Na kusa raba 'yata da karatu a kan abin da na gani da idona. Ina so in san yadda ake yi, don gobe in an nuna mini wani abu in san abin da zan tambaya.”

Duka yaran suka juyo suna kallona. Na ce ni an karɓe lasisina, ya nemi malamar da ta koya mini. Zulai ta ɗauki waya ta je ta durƙusa a gefen mahaifinta, ta sa masa ita a tafin hannu, ta kama babban yatsansa mai kaushin fartanya ta ɗora a kan gilashin. Ni kuma na matsa gefe na ba su haske.